Ranar da Kwamfuta Ta Karanta "Ba Laifi"

Shekarun baya, tun gashin kaina yana baƙi kuma yana nan, ina ajin ƙarshe a wata kwalejin horon malamai a cikin garin Sakkwato. Zamanin soja ne, ɗumin kuɗin man fetur kuma bai gama hucewa ba. Ta ko'ina gini ake yi, kuma duk shekara gwamnati kan ɗebi wasu ɗalibai ta tura su ƙasashen waje ƙaro ilimi. A shekararmu kwalejinmu ta samu gurbi uku. Uku kacal, mu kuwa mun haura ɗari. Ni tun ina aji ɗaya na ƙwallafa raina a kan karatun injiniya. Har taswirar duniya na liƙa a bangon ɗakina, kullum sai na tsaya ina zaɓen ƙasar da zan sauka, sai ka ce jirgin na gidanmu ne.

Mahaifina malami ne a wannan kwalejin, shi ke koyar da Larabci da addini. Malam Babba kowa ke ce masa, har shugaban makaranta. Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi, wanda bai sani ba kuma bari in gaya masa. Akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, wadda ta haifi mahaifina, a cikin gidanmu na Tudun Wada, kuma a hannunta na girma. In mahaifina yana nemana sai ya ce, "A kiro mani wancan." A aji kuwa, in yana kiran rajista ya zo kan sunana, sai ya ɗaga kai ya ga ina nan, ya sa alama, ya wuce na gaba. Da haka 'yan ajinmu suka laƙaba min suna Wancan. Har yau akwai tsofaffin da in mun haɗu wurin ɗaurin aure da sunan suke kirana.

To, a wannan shekarar sai takarda ta zo daga ma'aikatar ilimi cewa ba jarrabawa kaɗai za a duba ba, har da hali. Kowane malami ya rubuta sharhi a kan kowane ɗalibi, a haɗa da makin jarrabawa, a fitar da mutum uku. Dama akwai al'adar rubuta irin wannan sharhi a ƙarshen karatu, a jefa cikin fayil, ba mai sake waiwayarsa. Yanzu sai ga shi ya zama abin da zai kai mutum jirgi ko ya zaunar da shi gida. Nan da nan manyan motoci suka fara tsayawa a ƙofar ofishin shugaban makaranta, masu manyan riguna suna shigowa wai gaisuwa suka zo. Shi kuwa ya san a mulkin soja takardar ƙorafi guda ta isa ta raba mutum da kujerarsa. Cikin mako biyu bawan Allah nan ya rame.

Wanda ya kawo mafita shi ne malaminmu na lissafi. Matashi ne, tsohon ɗalibin kwalejin, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Kullum da biro uku a aljihun gaba, kuma in yana maganar lissafi har wani haske fuskarsa take yi. Ya ce jami'a, can wajen Kwalkwalawa, ta kawo kwamfuta, kuma shi ya iya yi mata magana. Zai rubuta mata umarni, abin da jikokina ke kira manhaja yanzu, ta karanta sharhin malamai duka ta ba kowa makinsa. A gaban taron ɗalibai ya faɗi maganar da ta zauna mana a kai: "Na'ura ba ta da ɗan'uwa. Ba ta san ɗan wane ba, kuma ba a kai mata goro." Muka yi ta tafi har tafukanmu suka yi zafi. Ni na fi kowa, don na gaji da jin ana cewa duk abin da na samu don ni ɗan Malam Babba ne.

Tsarin nasa ba wuya. Ya yi jeri biyu na kalmomi, na yabo da na zargi, da Turanci da Hausa, domin wasu malaman, irin mahaifina, da Hausa suke rubutu. In na'ura ta ga ladabi, ko ƙoƙari, ko hazaƙa, ko gaskiya, sai ta ƙara maki. In ta ga lalaci, ko ƙarya, ko fitina, sai ta rage. Kalmar da ta fi kowace nauyi a jerin zargi ita ce laifi, don a ganinsa duk ɗalibin da aka rubuta wa laifi a fayil ba ƙaramin abu ya aikata ba. Sharhin malamin addini kuma ninki biyu ake lissafa shi, tunda maganar hali ake yi. Aka cire sunaye, kowa aka bar shi da lambarsa ta shiga makaranta. Don ya gwada aikin kafin a zo kanmu, sai da ya sa mai buga tafireta ya shigar da tsofaffin fayiloli na shekara goma cikin na'urar. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ranar Laraba aka ɗebe mu a motar makaranta, mu goma sha biyun da ke sama a jarrabawa, wai mu je mu zama shaidu. Ina ciki, abokina ma yana ciki. Shi wannan abokin nawa kai gare shi, jarrabawa ba ta ba shi wuya, amma a tarihin kwalejin ba a yi gwanin haura katanga zuwa silima kamarsa ba. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Sakkwato da ke sa kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi. Muka isa wani dogon gini, aka kai mu wata ƙofa, aka ce mu cire takalma. Muka cire muka jera su kamar a ƙofar masallaci. Abokina da zai shiga har sallama ya yi, kuma na rantse ba da wasa ya yi ba.

Ina sa ƙafa sanyi ya buge ni har cikin ƙashi. Aka ce ba don mu aka kunna shi ba, don ita ne. Mu 'yan Adam muna can waje muna gasuwa, ita tana nan da ɗakinta mai sanyi ita kaɗai. Na zaci zan ga wani dodon ƙarfe mai cika ɗaki, sai na ga akwati ruwan toka a kan tebur, da gilashi irin na talabijin, da abin bugawa irin na tafireta. A kan gilashin wani ɗan ɗigo kore yana ta ƙiftawa, yana jira. Wannan ƙiftawar ce ta fara tsorata ni, don ji na yi kamar ana kallona.

Malamin lissafi ya zura wani baƙin faifai, ya buga 'yan layuka, ya waiwayo ya dube mu, sannan ya danna maɓalli ɗaya. Sai rubutu kore ya fara gudu yana hawa sama, ido ba ya iya binsa. Ɗalibai sama da ɗari, kowane da sharhin malamai goma. Abin da aka yi mako biyu ana rubutawa, ta karance shi kafin in gama gyara zaman hulata. Sannan wani inji a gefe ya ɗauki ƙara kamar ana yaga atamfa, doguwar takarda mai hujoji a gefe ta fara fitowa tana naɗe kanta da kanta. Na kama kaina ina tasbihi ƙasa-ƙasa. Ni da na taso a gidan da ake shekaru ana karanta littafi ɗaya, yau ga ƙarfe ya karance rubutun mutane a gabana, bai gaji ba, bai nemi ruwa ba. Ban taɓa jin girman hikimar da Allah ya ba ɗan Adam kamar ranar ba.

Washegari Alhamis aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Na kutsa cikin mutane da gadarata, don a jarrabawa ni ne na biyu. Na fara daga sama. Na ɗaya ba lambata ba ce. Na biyu ba ita ba ce. Na uku lambar abokina ce. Na ci gaba da gangarowa da yatsa har sai da na kai na tara, a nan na same ni. Abokina ya dafa kafaɗata, fuskarsa ba murna sai ruɗewa. "Wancan, walle ko ni ban yarda ba," in ji shi. "Ni na ukku a hali? Ni da anka kama bisa katanga har so biyu?"

Na wuce ofishin malamin lissafi. Na ce, "Malam, don Allah ina son in ga abin da ya ja ni ƙasa." Ya warware doguwar takardar a kan tebur har ya zo kan lambata. Malamai tara duk yabo, maki sai hawa yake yi. Sai layi na ƙarshe, na Malam Babba. Kalma biyu ce: "Ba laifi." A gefenta na'ura ta zabge min maki mai yawa, sannan ta ninka.

Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya dafe goshi. "Ta ga laifi, ba ta ga ba ɗin da ke gabanta ba," in ji shi. "Ban koya mata cewa ƙaramar kalma tana juya babba ba. Wanga kuskurena na." Zuciyata ta fara dawowa. Amma sai ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun nan, ya yi lissafi a gefen takarda, ya girgiza kai. "Ko na mai da maka abin da tar rage, ba abin da za ka samu wurin Malam Babba, don ba kalmar yabo ko guda a ciki. Wasu sun samu da yawa wurinai, kuma ninki biyu na. Na biyat za ka zo, gurbi kuwa ukku na. In kuma na taɓa takardag ga don ɗan Malam Babba kaɗai, gobe gari duk ya ɗauka. Litinin za a kai sunaye ma'aikata."

Na roƙe shi ya nuna min na abokina. Layi uku cur mahaifina ya rubuta masa: "Yaro mai fara'a da hazaƙa. Allah ya ƙara masa ladabi, ya ƙara masa gaskiya, ya ƙara masa ƙoƙari, ya sa ya zama mai kirki." Na'ura ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi makin kowace.

Gaskiya ban ji haushin na'ura ba. Haushin mahaifina na ji, kuma ya yi min ciwo ƙwarai. Ba laifi! Abin da ake ce wa miyar da gishiri bai ji ba, in ba a son a kunyata mai girki. Shekara biyar ina zaune a ajinsa, ban taɓa makara ba, ban taɓa zuwa ban yi hadda ba. Na san ba zai kira sunana ba, kuma na yarda da wannan tun ina ƙarami. Amma wannan takarda ce, a rufe take, kuma ya san abin da ke rataye a kanta. Mai haura katanga ya samu layi uku, ni na samu kalma biyu. Abin da ya fi ci min rai, ba halin in je in tambaye shi, don a gidanmu ba a yin haka.

Da la'asar na koma gida. Na shiga ɗaki na ɓamɓare taswirar nan daga bango na cusa ƙarƙashin gado, na fito tsakar gida ina huci. Kakata tana zaune a inuwa da faifai a cinya tana tsinkar zogale. Maigida take ce min, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, mi yas same ka? Ka shigo kamar wanda anka kora daga wurin biki."

Na zauna na kwashe labari duka na gaya mata, tun daga ɗakin sanyi har allon sanarwa. Labarin na'ura bai ɗaga mata kai ba, hannunta bai ma tsaya ba. Sai da na zo kan kalma biyun nan.

"Tsaya. Mi kac ce yar rubuta?"

"Ba laifi."

"Ubanka? Da hannunai?"

"Da hannunsa, Kaka."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani a idonta ba, sannan ta rufe baki da gefen mayafi ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji a zaure. Ni kuwa na saki baki, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta.

"Kai dai bokon ga bai ƙare ka da komi ba," in ji ta. "Kalmag ga gadon gidan ga ta. Kakanka so guda yac ce ma ubanka hakanan, ranad da yas sauke littahin da yay yi shekara bakwai shina karantawa gabanai. Ranan nan ubanka ko tuwo kasa ci yay yi don murna. In kaj ji shina zuba ma yaro addu'a, abin da yaron bai da shi na shika roƙa mashi."

Na ce, "Kaka, wannan labarin cikin gida ne. Kwamitin da ke tantance sunaye ba za su saurare shi ba. Cewa za su yi ɗa ne ke kare kansa da bakin kakarsa."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinka. "Ba kai kac ce ƙarhen naku shina tuna komi ba? Har na shekara goma? Tau, je ka tambaye shi mutum nawa ubanka yac ce ma ba laihi. In suna da yawa, ka dawo in ba ka haƙuri."

Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ba ta taɓa ganin ko ƙofar ɗakin sanyin nan ba, ita ta san tambayar da ya kamata a yi wa kwamfuta. Mu da muka cire takalma muka shiga, har da mai biro uku, ba wanda abin ya faɗo wa.

Da sassafe ranar Juma'a na tare malamin lissafi a ƙofar makaranta na gaya masa. Ya ce, "Tambaya dai ba taɓa maki ba ta. Hau mu tahi, mu dawo kahin masallaci." Na hau bayan babur ɗinsa muka miƙi hanyar Kwalkwalawa, muna wuce gonaki da masu jakuna. Muka sake cire takalma. Ya zura faifan tsofaffin fayiloli, ya buga mata umarni: a cikin duk sharhin da Malam Babba ya rubuta, na shekara goma da na bana, ta fito da duk inda ya ce ba laifi.

Wannan karon ta ɗan jima. Ɗigon nan kore yana ta ƙiftawa, ni kuwa a cikin sanyin nan gumi nake yi. Ɗalibai wajen dubu ne suka bi ta hannun mahaifina a waɗannan shekarun. Na riga na shirya ganin takarda ta fito har ƙasa, in koma gida a ba ni haƙurin da aka yi min alkawari. Sai injin ya yi ƙara sau ɗaya. Ya sake. Ya sake. Ya yi tsit.

Layi uku.

Na uku lambata ce. Na ɗaya tsohuwar lamba ce, daga baya muka bincika muka tarar mai ita ya zama likita, irin wanda ake tasowa daga nesa a zo wurinsa. Na juya in tambayi malamin lissafi ta biyun, sai na ga ya cire tabarau yana riƙe da shi.

"Wagga lambata ta," in ji shi.

Ya jawo kujera ya zauna. "Shekara biyat ina ajinai, bai taɓa yi mani ko murmushi ba. Na tahi karatu waje da zaton bai ma san da zamana ba. Lokacin da nig gwada aikin ga, na ga lambata can ƙasa. Ban buɗe na ga dalili ba, tsoro nika ji. Sai nic ce ma kaina, ka ga adalci, ko ni da nik koya mata ba ta raga mani ba." Ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Ni ma sai na ji nawa sun zubo. Muka zauna mu biyu, malami da ɗalibi, ba takalma, a gaban akwatin ƙarfe, muna kuka a kan kalma biyu. Kafin mu fito ya sa ta sake buga layukan, ya ba ni ɗaya ya riƙe ɗaya.

Ranar Asabar kwamiti ya zauna. Ban shiga ba, malamin lissafi ne ya ba ni labari daga baya. Ya tashi a gaban kowa ya ce ya yi kuskure biyu, kuma ba ɗalibi ɗaya suka shafa ba. Bai koya wa na'ura aikin "ba" ba, har akwai wanda aka rubuta wa "ba shi da ladabi" ta ba shi makin ladabi. Bai kuma koya mata cewa addu'a ba shaida ba ce. Sannan ya ajiye takardar layi ukun nan a kan tebur. Shugaban makaranta ya ce duk ya ji, amma ba zai sa hannu ba sai an ji daga bakin mai rubutun. Aka aika a kira Malam Babba.

Ya shigo, aka gaisa, aka miƙa masa takardar. Shugaban makaranta ya ce, "Malam, a gafarce mu. In ka rubuta ma ɗalibi ba laifi, a ma'auninka ina yake?"

Lambobi ne kawai a takardar, amma mahaifina ya san lambata. Malamin lissafi ya ce bai taɓa ganin mutum a tsaka mai wuya irin haka ba. Ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai yabi ɗan fari a gaban mutane ba. Ya sunkuyar da kai. Sannan, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce, "Ban taɓa rubuta abin da yaf fi shi ba." Ya ajiye takardar, ya yi sallama, ya fita.

A ranar aka gyara umarnin, aka sake karanta sharhin kowa da kowa, kwamiti duka suna tsaye ba takalma. Na zo na biyu. Abokina ya gangara na goma sha huɗu, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗi yana murna irinsa ba. Ya rungume ni yana cewa, "Yanzu nis san na'urag ga tana da hankali!"

Da la'asar ina cikin ɗakin kakata ina goge taswirar da na ciro daga ƙarƙashin gado, sai na ji takun mahaifina. Kullum a wannan lokacin yakan zo gaishe da mahaifiyarsa. Ya zauna a tabarma a bakin ƙofa. Takalmana suna nan a gabansa, don haka ya san ina ciki. Suka gaisa. Can sai na ji ya ce, a hankali:

"Inna, ƙarhen ga nasu ba shi da kunya."

Kakata ta yi dariya har sai da ta sarƙe da tari. "Yo ina za shi samo ta," in ji ta, "shi da bai haihu ba?"

Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya yi taku biyu, sannan ya tsaya yana fuskantar bango. "A ce ma wancan shi nemi rigas sanyi. An ce ƙasashen nan akwai ɗari."

Na tafi, na yi karatun, na dawo na yi aiki da na'urorin da suka fi waccan nesa ba kusa ba. Wayar da nake rubuta muku wannan da ita ta ninka ta ban san sau nawa ba. Amma ba wadda ta taɓa ba ni mamaki kamar akwatin nan ruwan toka. Don ba ta san kunya ba ta kusa hana ni tafiya, kuma don ba ta san kunya ba ta faɗa min abin da ba mahalukin da zai faɗa min a gidanmu. Yanzu ina ji ana cewa manhaja ke duba rubutun ɗalibai, ita ke jera su, ita ke cewa wane ya fi wane. Ba na faɗa da hakan, na ga ƙarfinta da idona. Ina dai tambaya ko akwai wata tsohuwa a kusa da ta san yadda mutanen wurin suke yabo, don a wasu gidajen wanda aka fi so shi ake rage wa magana.

Mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ban kuma sake jin ciwon hakan ba tun daga waccan Juma'ar. Takardar tana nan a cikin littafin da ya bar min, hujojin gefenta sun yayyage, tawadar ta koɗe har sai na kai ta bakin taga nake iya karantawa. Na samu takardun yabo a wurin aiki masu hatimi da zinare a gefe, ban ma san inda wasunsu suke ba. Wannan kuwa na san shafin da take. Layi na uku, lambata, sai kalma biyu. A duniyar nan ba a taɓa yabona kamar haka ba.